Takardar Cikin Kwali

Shekara shida ina zaune a bakin ƙofar kamfaninmu ina ɗaga waya. A ofis Rediyo suke ce mini, wai ba a san inda makashina yake ba. Ban taɓa damuwa ba, bakina ne, ba aro na yi ba.

Kamfanin yana harhaɗa wani ɗan inji na masu asma. A zuba magani a ɗan kofi, a kunna, injin ya mayar da maganin tururi, mara lafiya ya shaƙa ta robar da ake rufe hanci da baki da ita. Inji ne mai kyau, wallahi. Takardar bayanin da ake sakawa a kwalinsa ce masifa. Injiniyanmu ne ya rubuta ta, shafi goma sha biyu, rubutu ƙanana kamar tururuwa, kowace jimla sai ka tsaya a tsakiyarta ka huta. Kuma duk wanda takardar ta gagara, ni yake kira. Uwa ta bugo, ina jin yaronta yana huci a gefenta, tana cewa, "Baiwar Allah, tiyon nan a ina zan sa shi?" Ni da ban taɓa shiga ajin injiniya ba, na zama mai koyar da haɗa inji ta waya.

Da abin ya ishe ni sai na sayi littafi, duk tambayar da aka yi mini in rubuta. A nan Malama ta kama ni. Malamar jami'a ce, bincikenta a kan yadda mutane ke amfani da takardun bayani, kamfani ya ɗauko ta saboda sabon samfurin injin da za a fitar. Ta zo wucewa ta ga littafin a buɗe, ta tsaya ta karanta shafi uku a tsaye, ta ɗauke shi ba ko sallama ta shiga wurin Manaja da shi.

"Wannan ce za ta rubuta muku sabuwar takarda," ta ce. "Ita kaɗai ce a gidan nan ta san inda mutane ke maƙalewa."

Injiniya ya yi dariya har da riƙe ciki. Manaja bai yi dariya ba, shi mutum ne mai son sharaɗi. Ya ce in rubuta. Bayan mako uku, ranar Alhamis, za a kawo mutum biyar da ba su taɓa ganin injin ba, kowa a ba shi takardata da minti goma. In duka biyar suka fitar da tururi ba da taimakon kowa ba, takardata za a kai maɗaba'a da ƙarfe huɗun yamma, kuma kujerar rubuta takardun kamfani ta zama tawa. In ko mutum ɗaya ya kasa, ta Injiniya za a buga, ni kuma in koma kan wayata.

Kai, ranar nan ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba har na isa gida!

Mako uku na yi da injin ofis a gabana. Injiniya ne ya miƙo mini shi daga kan teburinsa, ya ce, "Ga shi nan, Rediyo, kada dai ki cika shi da surutu ya lalace." Na warware, na haɗa, na warware, na haɗa, har ina iya yi ido a rufe. Shafi goma sha biyu na mayar da su takarda ɗaya, gaba da baya. Mataki shida, kowanne da hotonsa, kowanne aiki ɗaya tak. Malama ta koya mini in fara kowace jimla da abin da hannu zai yi: buɗe, zuba, rufe, danna. Duk kalmar da ban taɓa jin wani ya faɗa a waya ba, ta ce in cire ta.

Ranar Alhamis muka shirya ɗakin taro. Tebur a tsakiya, inji a kai, kofin ruwa a madadin magani, kujerunmu uku a jikin bango. Malama ta kafa mana doka.

"Mai gwaji zai riƙa faɗin abin da ke ransa da baki, mu kuma mu rubuta. Ba tari, ba nuni da ido, ba gyaɗa kai. In ya tambaye ku, amsa ɗaya ce: me takarda ta ce? Ranar da mutum zai buɗe kwalin nan a ɗakinsa, ba ke a wurin, ba Injiniya." Ta kalle ni ta saman tabarau. "Ke musamman, zauna a kan hannuwanki."

Na zauna a kansu kuwa, ba wasa ba.

Na farko direba ne, minti huɗu ya fitar da tururi. Ta biyu mai gyaran gashi, minti uku da rabi, har tana cewa ai wannan ko yaro ya haɗa. Na uku wani dattijo mai gadi, ya ɗan yi kokawa da tiyo amma ya ci. Ta huɗu malamar makaranta, ba ta ko zauna ba ta gama. Duk wanda ya fita sai in tashi in yi tsalle ɗaya a bayan ƙofa in dawo in zauna kamar mutuniyar kirki. Injiniya tun yana harɗe ƙafa har ya sauke. Huɗu cikin huɗu, jama'a, kafin azahar!

Sai na biyar ya bugo waya, wai motarsa ta lalace, ba zai samu zuwa ba.

Na ce ai kuwa ba motar wani ce za ta hana ni kujerata ba. Na tambayi Malama ko ɗan'uwa zai iya. Ta ce in dai bai taɓa ganin injin ba, ko takardar. Nan take na kira Gwaggo, ƙanwar babana, wadda ta riƙe ni tun ina aji biyu. Tela ce, shekara talatin a kan keke kafin ido ya sa ta ajiye, kuma gidanta ba nisa. Kafin minti ashirin sai ga ta da jakarta a hammata, tana faɗa tun daga ƙofa wai na tashe ta daga barcin rana.

Malama ta yi mata bayani, cewa ba ita ake gwadawa ba, takarda ake gwadawa. Gwaggo ta ce to madalla. Ta ɗaga robar hancin da yatsa biyu, ta duba ta a hasken taga.

"Mutum nawa suka sa hancinsu a nan?"

"Huɗu, Gwaggo, amma mun goge da magani."

"Ku goge da duk abin da kuka ga dama. Ni ba zan taɓa abin da hancin ƙato ya shiga ba. Ba ku da sabo ne? Kamfani guda?"

Na so in nutse don kunya. Malama kuwa ta ce ba komai, a ɗauko sabo a sito. Aka kawo kwali da salatif ɗinsa, aka ajiye mata, aka danna agogo.

Gwaggo ta ciro almakashi daga jaka ta yanka salatif. Ta fito da inji, tiyo, kofi, robar hanci, tana jera su kamar za ta yanka yadi. Sai ta ɗago wata 'yar leda, a ciki wani ɗan roba shuɗi, bai fi kan babban yatsa ba. Ta juya takardata gaba da baya.

"Wannan babu shi a hoto. Ƙila na ajiya ne, irin maɓallin da ake ƙarawa a riga." Ta tura shi gefe tare da ledoji.

Ni ban ma san mene ne ba, wallahi ban taɓa ganinsa a leda ba. Amma na ji numfashin Injiniya ya canja a gefena. Na saci kallonsa: idonsa a kan ledar, bakinsa a buɗe, gumi a goshinsa.

Gwaggo ta bi matakaina ɗaya bayan ɗaya, tana karantawa da ƙarfi. Ta buɗe, ta zuba, ta rufe, ta sa tiyo, ta danna. Inji ya ɗauki ƙugi. Tururi ko ɗigo babu. Ta kashe, ta sake dubawa, ta kunna. Babu. Ta girgiza kofin, ta hura tiyon da baki, ta sake bin matakan tun daga na ɗaya, ba ta tsallake ko wasali ba. Minti shida.

Ta juyo ta kalle ni. "Ke, me na yi ba daidai ba?"

Ledar tana nan a gefen gwiwar hannunta. Kallo ɗaya zan yi wa wurin, Gwaggo ta san idona fiye da kowa a duniya, za ta gane. Kujerata tana cikin ledar nan. Hannuwana sun mutu a ƙarƙashina, harshena yana ƙaiƙayi kamar na ci barkono.

"Me takarda ta ce, Gwaggo?"

"Takarda ta ce tururi zai fito! Ina tururin?"

Na kafa wa agogo ido.

"Ni kike wa shiru? Ni? Yarinyar da ko a barci ba ta rufe baki?" Ta juya ga Injiniya. "Kai ɗan nan, kai ma kurma ne?"

Injiniya ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Na ji tausayin Gwaggo har hawaye ya taru mini, tsohuwa tana ta juya kofi, tana zaton ita ce ba ta da kai. Agogo ya yi ƙara. Minti goma.

Kafin Malama ta ce uffan Injiniya ya yi tsalle ya fizgi ledar, ya yage, ya buɗe kofin ya dasa ɗan shuɗin a tsakiya, ya danna. Tururi ya turnuƙe, fari tas.

"Shi ke fasa ruwan!" ya ce, muryarsa har tana sarƙewa. "In babu shi injin banza ne. A tsohon samfuri a manne yake. A sabon nan daban yake zuwa, don a riƙa cirewa ana wankewa. Na ofis ni na sa masa da hannuna ranar da ya iso, wata biyar ke nan. Na manta sam. Na ba ta inji a haɗe."

Na ɗauko kofin injin ofis na leƙa. Ga shi nan zaune a ciki, shuɗi, kamar tare aka ƙera su. Mako uku ina kallonsa kullum ban san yana fita ba.

Abin mamaki, Malama murna take. Tana rubutu tana cewa, "Alhamdu lillahi! Wannan shi ne gwaji! Hajiya, kin yi mana aikin da mu uku muka kasa." Gwaggo ta ce ita dai ba ta ga abin godiya ba, an tashe ta daga barci an mai da ita sakarai.

Hayaniyar ta jawo Manaja. Aka yi masa bayani, ya dubi agogo, biyu saura kwata. Ya dube ni, ina jin ya ga idona ya yi ja.

"To ai wannan ba laifinki ba ne," ya ce. "Da wancan injin aka fara gwaji, da shi za a ƙarasa. A ba Hajiya na ofis ta haɗa, ya zama biyar. Ki ƙara layi ɗaya a kan abin nan, mu aika. Shi ke nan, kin ci."

Ga kujera an miƙo mini a faranti. Na buɗe baki in ce na gode, sai na tuna muryoyin da nake ji a waya. Kwali dubu ashirin ne a sito, kuma kowanne da ledar nan a ciki.

"Yallaɓai, ba huɗu nake da su ba. Ba ni da ko ɗaya."

"Kamar yaya?"

"Duk huɗun inji haɗaɗɗe muka ba su. Ba wanda zai sayi irinsa. Kuma layin da zan ƙara, wa ya gwada shi? In na sa shi inda ido ba ya zuwa fa?"

Ransa ya ɓaci, na gani. "Ke kika sani. Ta Injiniya dai ta ambaci abin, ko?"

"Shafi na tara," in ji Injiniya a hankali. "Amma yallaɓai, ko ni sai na nema zan same shi."

"Ƙarfe huɗu," Manaja ya ce. "Sababbin mutum biyar, sababbin kwali biyar. In babu, shafi na taran za a buga." Ya fita ya bugo ƙofa.

Daga nan fa ɗakin ya zama kasuwa. Injiniya ya kwaso kwamfutarsa da gudu, shi da ya yi mini dariya, yanzu shi ke tambayata ta wane gefe zai ɗauki hoton. Ya ce a rubuta sunan abin na turanci, na ce sai dai bayan raina. Muka yi ta jefa sunaye, mazurari, murfi, toshe, babu wanda ya zauna. Gwaggo da ke gefe tana fushi ta ɗauki abin ta kifa a kan ɗan yatsanta.

"Ku dai kuna da wahalar da kai. Wannan ai 'yar hula ce."

'Yar hula shuɗiya! Malama ta buga tebur. Na mayar da ita mataki na ɗaya, da hoton ledar yadda take fitowa daga kwali, ba yadda take a cikin kofi ba, tunda a leda mutum zai fara ganinta. A ƙasa na sa da manyan baƙaƙe: in babu 'yar hula, babu tururi. Na ƙara ta a wurin wanki, kada a zubar da ita da ruwa. Gwaggo ta ƙara da cewa ita da a ɗaure ledar take a jikin kofin da ba ta ture ta ba, ko tela ba ya ba da riga da ɗankwali a leda biyu. Injiniya ya kalle ta kamar ya ga shugaban sashensu. Ya ruga sito ya dawo da kwali biyar da robar ɗaure kuɗi, ya ɗaure kowace leda a wuyan kofi, ya mayar da salatif, ya ce haka za a yi wa sauran duka.

Uku saura minti goma takarda ta fito daga firinta da ɗuminta. Saura mutane.

Na cire takalmi mai tsini na sa silifas ɗin masallacin ofis, na faɗa titi. A nan bakin nawa ya yi rana. Na tare mai gyaran takalmi, na tare wata mata da ta fito daga banki, na shiga shagon mai ɗinkin labule na janyo shi da tef a wuya, na roƙi wata ɗalibar da ke jiran mota. Ban san me na faɗa musu ba, na dai san duk sun biyo ni a jere suna dariya.

Mai gyaran takalmi, minti biyar. Ɗaliba, minti biyu. Matar banki ta ɗaga ledar ta ce, "Au, ga 'yar hular," kamar tsohuwar ƙawarta ta gani, na kusa yin ihu. Mai labule ya sa ta a juye, tururi ya ƙi, sai ya koma kan hoton ya ce, "A'a, bakin ƙasa yake kallo," ya gyara. Huɗu. Ƙarfe huɗu saura kwata.

Na sake leƙa titi, sai ga ruwan sama ya sauko kamar da bakin ƙwarya, kowa ya watse. Ma'aikatanmu kuwa duk sun san injin. Ina tsaye a ƙofa a jiƙe, ga direban kamfani ya tayar da mota yana jiran takardar da zai kai, sai Manaja ya fito da fayil ɗin Injiniya a hannu.

Malama ta tare shi. "Yallaɓai, ka taɓa haɗa injin nan?"

Ya yi ɗan tari. "Ni sayarwa nake."

"Ko sau ɗaya?"

"Na ce miki sayarwa nake."

"Bismillah, ga kujera."

Wayyo Allah, da na san shi ne na biyar da na tsaya a ruwa na nemo wani. Mutumin nan ko wasiƙar da zai sa wa hannu ba ya karantawa. Ya yage kwali kamar yana faɗa da shi, ya ture takardata gefe bai ko kalle ta ba, ya cusa tiyo, ya jawo kofi. Ledar ta biyo kofin tana lilo. Ya fizge ta, ya ɗaga hannu zai jefar, sai ya tsaya.

"Wannan kuma don me aka ɗaure shi?"

Mu huɗu a jikin bango, har da Gwaggo, kowa ya zauna a kan hannunsa.

Ya ja tsaki, ya jawo takardar da yatsa ɗaya, ya kalli hoton farko. Ya karanta layin manyan baƙaƙen, leɓensa na motsi. Ya yage leda, ya kifa 'yar hula, ya zuba ruwa, ya rufe, ya danna.

Tururi ya bugi tabaransa har ya daina gani.

Ihun da na yi, mai gadin ofis sai da ya shigo da gudu. Injiniya yana ta tafi kamar ƙungiyarsu ta ci ƙwallo, Malama ta rungume ni da jiƙaƙƙen mayafina. Manaja ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga, yana ƙoƙarin ɓoye murmushi. Ya sa hannu a takardata, ya miƙa wa direba, ya ce ya taka mota. Sannan ya ce ranar Litinin in nemo wadda za ta zauna a kan waya in koya mata aiki, teburina yana kusa da na Injiniya.

Da ruwa ya tsagaita na raka Gwaggo gida, muna tsallake kwatami. Na ba ta haƙuri a kan shirun da na yi mata. Ta ce saura kaɗan ta kwaɗa mini kofin nan a goshi, kuma har yanzu ba ta gama hucewa ba. Muka yi tafiya kaɗan.

"Shekara shida in an tambaye ni aikinki sai in ce tana ɗaga waya," ta ce. "Yanzu me zan ce musu?"

"Ki ce ni ke rubuta takardar da ake sakawa a cikin kwali."

"Wadda kowa ke yarwa?"

"Ita fa, Gwaggo."

Ta tsaya a bakin ƙofarta, ta buɗe jaka tana neman makulli. A gefen almakashin na hango takardata, sabuwar, an ninke ta huɗu an sa a leda kada ruwa ya taɓa. Ban san lokacin da ta ɗauka ba.

"Me kike kallo?" ta ce. "Tawa ce. Ni na raɗa wa hular suna."